Burodin Ranar Kasuwa

A ƙauyenmu, can gefen Tibiri, ba a sayen burodi don yunwa. Mai jin yunwa hatsi yake nema, wato gero. Burodi na mara lafiya ne. In ka ga mace ta dawo daga kasuwa da shi ƙulle a bakin zane, ba sai ka tambaya ba, ka san akwai wanda ke kwance a gidanta, sai ka ce mata Allah ya ƙara sauƙi ka wuce. Da wannan na tashi. Har yau da nake koyarwa a Dogon Dutsi, inda ake tallarsa a kowace kwana, in ƙamshinsa ya buge ni sai gabana ya faɗi, kamar an zo gaya mini wani nawa ba shi da lafiya.

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da Yayata wadda ta girme ni da shekara biyar. Ita ce 'yar fari, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu in dai akwai wanda za ta aika. Inna ta riƙe wannan kunyar kamar farilla. "Waccan" take ce wa Yaya. "Gaya ma waccan ta sauke tukunya." "Waccan ta dawo daga rijiya?" Ni kuwa ana kiran sunana sau ɗari a wuni, galibi don in rage surutu.

Gwaggonmu ce ta ɗauki Yaya zuwa Dutsi don ta shiga makarantar boko. A can ta koyi shan shayi da burodi kowace safiya, da cin taliya da rana, cimar 'yan birni. Bayan shekara biyu aka dawo mana da ita a amalanke, ni ban ma gane ta ba. Hannuwanta sun zama kamar karan dawa, ciki ya kumbura ya yi tauri, gashinta ya yi ja yana zubewa. Ba ta jimawa ba ta zaga bayan ɗaki ba. An kai ta asibiti a can, an ba ta maganin tsutsar ciki, an ba ta na zazzaɓi, babu wanda ya yi. Gwaggo ta ce ita ta gaji, gara a mayar da yarinya hannun uwarta.

Abin da ya faru daga nan a gabana aka yi shi, amma sai da na yi kusan shekara talatin kafin in gane. Yaya ta koma kan furarmu da tuwon hatsi. Bayan 'yan kwanaki ta fara tashi zaune, har tana tsokanata. Sai ranar kasuwa ta zo. Inna daddawa take yi tana kaiwa, in ta sayar sai ta tsaya wurin mai burodi ta sayi guda, ta ƙulle a bakin zane. In ta iso gida ba za ta shiga wurin Yaya ba. Ni za ta yafito da hannu, ta kwance ƙullin ba tare da ta dube ni ba.

"Ungo. Kai ma waccan."

Wannan burodin shi ne duk maganar da Inna ke iya gaya wa 'yarta ta fari, kuma Yaya ta san haka. Takan karɓa da hannu biyu, ta tsoma a ruwan zafi mai sukari, ta ci a hankali, ni ina gefe ina haɗiyar yawu. Kafin magariba ciki ya fara murɗa mata, kashegari ba ta iya ɗaga kai. Kwana uku, kwana huɗu, sai ta fara dawowa hayyacinta, ta sha fura, ta fito bakin ƙofa ta zauna. Sai kasuwa ta sake zagayowa.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su da ido. Suna da shi, kuma sun gani. Tsofaffin gidanmu ne suka fara lura cewa ciwon yarinyar nan yana bin ranar kasuwa, suka zauna suka yi tambayar da ta dace: me ke faruwa ranar kasuwa wanda ba ya faruwa sauran ranaku? Amsar da suka samo ita ce tsamiya. Akwai wata babbar tsamiya a bakin fadama, kan hanyar kasuwa, wadda tun kakanni aka san aljanar nan doguwa na zaune a cikinta, kuma ta ƙarƙashinta Inna ke wucewa da rana tsaka in za ta dawo. Wata tsohuwa mai bori ta tabbatar musu. Ta ce doguwar ce ke bin inuwar Inna har gida, ta sauka kan abin da Inna ta fi so. Aka yanka kaza, aka kai gumba gindin itacen, Baba kuma ya karɓo rubutu wurin malam don kada a bar wata ƙofa a buɗe.

Inna ta daina bin hanyar. Ta koma zagayawa ta tudun rairayi, tafiyar da ta ninka ta da, ga rana, ga ƙwarya a ka. Takan iso gida ƙafafunta sun yi fari fat, leɓe ya bushe, amma burodin na nan a bakin zane, ko gumi bai taɓa shi ba. Ciwon bai fasa zuwa ba. Aka ce a yi haƙuri, doguwa ba ta saki da wuri.

Shekarata takwas lokacin, kuma ban san ɗanɗanon burodi ba sai ɓurɓushin da ke faɗuwa kan tabarma. Har addu'a nake yi Allah ya ba ni ciwo. Wata ranar kasuwa na kai wa Yaya, sai ta dubi burodin, ta dube ni, ta ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Tahi bayan rumbu ki cinye. Cikina ba ya son shi. Kada ki hwaɗa ma Inna."

Ban jira ta maimaita ba. Da Inna ta tsaya daga waje ta ce, "An ci?" Yaya ta amsa, "An ci." Kasuwa uku muna haka. A mako na biyu Yaya ta yi mini kitso. A na uku ta ɗauki ƙaramin tulu ta bi mata rijiya, tana tafe tana hutawa, amma da ƙafarta ta je ta dawo. Gari ya ɗauka cewa doguwa ta saki, har goro aka kai wa tsohuwar nan mai bori. A kasuwa ta huɗu Inna ta zagaya bayan rumbu neman kazarta, ta same ni baki cike.

Ba ta doke ni ba, gara ma da ta doka. Cewa ta yi, "Abincin mara lahiya kika ci? Ke ba ki tsoron Allah?" Yaya ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce ita ce ke ba ni tun kasuwa uku. Inna ta ce ai halin waccan ke nan, ta hana cikinta ta ba wani.

Daga ranar na zama ɗan sanda a kan Yaya. Kunya ta sa na wuce gona da iri. In na kai burodi ba na tashi sai ta cinye. In ta ture, in mayar mata. In ta ce ta ƙoshi, in ce zan gaya wa Inna. Ciwon ya dawo, aka ce doguwar ce ta dawo da fushi. Da ta kai Yaya ba ta iya taunawa, Inna ce ke murje tsakiyar burodin mai laushi cikin kunu, ni in shiga in riƙe mata ludayi. Ta rasu ana gab da yankan hatsi. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, 'yar fari ce. Sai dai tun daga nan, ko daga nesa ta hango tsamiyar nan sai ta tofar da yawu ta kau da kai.

Na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure a Dutsi. Da na haifi mace na roƙi mijina a sa mata sunan Yaya, ya yarda. Ni ba na kunyar 'ya'ya, boko ya cinye mini wannan, in na ƙwala mata kira har maƙwabta sai sun ji. Inna kuwa in ta zo, "ke" take ce mata, ko "ɗiyar madam", don haka ake kiran malamar makaranta a wajenmu. In ta ji na kira sunan sai ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba.

Yarinyar tana shekara bakwai ta fara ramewa. Ranar da na tuɓe mata riga zan yi mata wanka na ga cikin nan da hannuwan nan, nan take na gane, don na san wannan jikin. Muka shiga yawon asibiti, maganin tsutsar ciki, maganin zazzaɓi, duk dai yadda aka yi wa Yaya. Ƙanen mijina, ɗan kasuwa mai ɗan gemu da wando iya ƙwauri, ya zo mana da zuma da karatun ruƙiyya a wayarsa, ya ce aljani ne, amma kada mu kuskura mu je wurin 'yan bori. Na ce masa to ashe ku ma kun yarda akwai mai bin mutane gida, suna kawai kuka canza masa. Bai ji daɗi ba, amma zumar mai kyau ce. Ni kuma, madam mai ilimi, me nake ba yarinyar don ta yi ƙarfi? Shayi da madara da burodi, safe da yamma.

A ƙarshe aka tura mu Yamai, babban birni. Aka ɗebi jini, aka zura mata wata 'yar igiya ta baki aka duba hanji, sannan wata likita mai gilashi ta zaunar da ni. Ta ce alkama ce. Akwai wani abu a cikin alkama, guluten ake ce masa, wanda yawancin mutane ke ci lafiya lau, amma jikin wasu yana ɗaukarsa abokin gaba, in ya shiga sai hanji ya ƙuje ya kasa tsotsar abinci. Ba allura, ba ƙwaya. Magani ɗaya ne, kada ta ƙara cin alkama har abada: burodi, taliya, fanke, biskit, duk abin da fulawa ta taɓa. Hatsi, dawa, shinkafa, masara, wake, ta ci ta ƙoshi. Tana rubutu ta ƙara da cewa ciwon yana bin jini, ta tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya taɓa irinsa. Na ce babu. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani.

Sai a mota, da muka tsaya Doso, yarinya na barci a cinyata, wani mai talla ya turo burodi ta taga, na ji muryar Yaya tar a kunnena: cikina ba ya son shi. Babu wanda ya gwada jinin Yaya, ba zan iya rantsuwa ba. Amma na sani. Na yi ta kuka har matar da ke zaune kusa da ni ta tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata e.

Gidana ya koma ƙauye. Na sayi turmi, don injin niƙa na unguwarmu har alkama yake niƙawa, kuma ƙurarta kaɗai ta isa. Na watsar da dunƙulen miya na kanti na koma daddawa. Na gano cewa mai masar da muke saye wurinta tana zuba fulawa a ƙullunta don ta tashi, muka rabu lafiya. Abokan aikina suna mini dariya wai madam ta tuba ta koma fura. Su yi ta yi. Kafin shekara ta zagayo kumatun 'yata sun fito, tana gudu tana faɗuwa kamar sauran yara.

Abu ɗaya na kasa, shi ne gaya wa Inna. Inna ba ta yi boko ba, amma ba ta mantuwa, kuma ta fi ni iya haɗa abu da abu. In na ce mata burodi ne ke kwantar da jikarta, kafin in rufe baki ta kai inda na kai a motar Doso. Tsohuwa ce, Baba ya rasu, abin da ya rage mata game da 'yarta ta fari shi ne ta yi iya ƙoƙarinta, ta taka rairayi da rana ta kawo mata abinci mafi daraja da ta sani. Na ce ba ni zan ƙwace mata wannan ba. Na gaya mata an samu magani a Yamai, shi ke nan. Har yarinyar na ja wa kunne: ko da wasa kada ki yi wa Kaka zancen alkama.

Bara da bazara Inna ta zo Dutsi a duba mata ido, yanar ido ce ta rufe mata guda. Kwananta uku a wurinmu yarinyar ta tashi da mura da ɗan zazzaɓi, ni kuma ranar ana jarrabawa a makaranta, babu halin in zauna. Na dama kunu na rufe, na ce wa Inna wannan kaɗai za a ba ta har in dawo.

Bayan azahar na shigo na same ta dunƙule a kan tabarma, ta yi amai, ta riƙe ciki da hannu biyu. Na ɗaga rigarta na taɓa, tauri kamar ganga. Na tambaye ta me ta ci, ta ce kunu kawai. Na ɗauki kofin kunun na karkata shi, sai ga wasu 'yan farare masu laushi sun kwanta a ƙasa. Na san wannan murzar, na san hannun da ya yi ta.

Inna na zaune bakin ƙofa da carbinta. Ban ma tambaya ba ta ce:

"Na ga ɗiyar ba ta da lahiya, gidanku kuwa ko burodi babu, ku da ke cikin birni. Na lallaɓa wurin mai shayi na sawo. Na ba ta, tac ce ta ƙoshi. Kunya ce irin ta waccan. Sai na murje mata cikin kunu, ba ta ma sani ba ta shanye."

Da ido ɗaya ta tsallake titin kwalta, wurin da manyan motoci ke wucewa, don ta sayo shi. Ni mai zafin rai ce, ɗalibaina za su shaida. Amma abin da kawai na ce shi ne, "To, Inna." Na shiga madafa na buga kofin nan da ƙasa. Yarinyar ba ta yi laifi ba, ta ƙi ci kuma ta ƙi faɗin dalili, daidai yadda na umarce ta. Wadda ta ƙulla abin ni ce.

Na kira likitar Yamai. Ta ce abin da na riga na sani, don mun taɓa shiga irin haka sau ɗaya bayan wani bikin suna: babu maganin da zai fitar da shi, ya riga ya shiga, sai jiki ya gama faɗansa. Ruwa da hutu. Amma in ta kasa riƙe ruwan, ko fitsari ya ɗauke, ko idonta ya zurma, kada in tsaya jira, in kai ta asibiti nan take.

Na haɗa ruwan gishiri da sukari irin na farmasi, na zauna a kanta. Cokali ɗaya, in jira, in ga ya zauna, sannan wani. In na yi gaggawa sai ya dawo, in sake daga farko. Na tafasa 'yar citta da ruwa mai yawa, na bari ta huce, tana kurɓa kaɗan-kaɗan, tashin zuciyar ya ɗan lafa. Na ɗora tsumma a kan murfin tukunya ya ɗau ɗumi na shimfiɗa mata a kan cikinta, in ya huce in canza. Na kwantar da ita a gefe ta naɗe gwiwa, ina shafa mata baya. Madara na ɗauke ta gaba ɗaya, don hanjin da ya ji ciwo ba ya iya ɗaukarta. Na raka ta bayan gida ban san sau nawa ba. Ba wani abin a zo a gani ba ne, jinya ce ta haƙuri, kuma duk wuyarta ta fi mini sauƙi a kan duban Inna.

Don Inna na kallon komai. Zuwa la'asar carbin ya tsaya a hannunta.

"Ta biyo ni," ta ce.

"Wa, Inna?"

"Motar da ta kawo ni ta gindin tsamiyar nan ta bi. Na ruhe ido na yi ta addu'a. Ashe ba ta mance da ni ba. Shekara talatin, ba ta mance ba."

Wallahi har wani sauƙi na ji. Na ce a raina doguwa ta ɗauki laifin nan shekara talatin ba ta koka ba, ta ƙara ɗaukar na kwana huɗu mana. Ban tsaya na yi tunanin abin da Inna ke yi in doguwa ta kama yaro ba.

Kashegari da safe aman ya tsaya, sai gudawa da nauyin kai. Yarinyar tana kallon mutum kamar ba ta gane shi ba, abu kaɗan ta fashe da kuka. Ina madafa ina tace kunu tsararo na hatsin da na daka da hannuna. Da na fito sai na ga Inna durƙushe a gabanta tana kwance bakin zane. Tun bayan sallar asuba ta sake tsallake titin. Wannan karon ba ta nemi ɗan aike ba, jika ba a kunyarta.

"Daure ki ci ko kaɗan. Shi ka sa ƙarhi."

Yarinyar ta dube ni, ido cike da hawaye, bakinta a rufe da sirrin da na ba ta. Sai na ga ta fara ɗaga hannu biyu za ta karɓa. Ban san lokacin da na ajiye ƙwaryar ba. Na kama wuyan hannun Inna na riƙe, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Inna, kada ki ba ta. Burodin ne."

"Wane burodi?"

"Shi ne ciwon. Alkama ce jikinta ba ya so, ko kaɗan ta ci sai ta kwanta. Tun a Yamai aka gaya mini. Ni na ɓoye miki."

Inna ta dubi burodin da ke hannunta. Ina kallon fuskarta tana bin hanyar da na bi a mota, sai dai ita ba ta ɓata lokaci kamar ni ba.

"Ranar kasuwa," ta ce.

"Inna, ba iri ɗaya ba ne. Na Yaya daban ne, babu wanda ya gwada, babu wanda ya san..."

"Kasuwa ukku da kinka cinye. Da ƙahwatta ta tahi rijiya."

Ashe ba ta manta ba. Na ce ƙaddara ce, na ce kwananta ne ya ƙare, na ce ko likitocin lokacin ba su gane ba balle mu. Duk gaskiya ne, kuma babu wadda ta shiga. Ta mayar da burodin bakin zane ta ƙulle, don hannunta ya saba, sannan ta sake kwancewa, ta rasa inda za ta ajiye shi. Na karɓa na jefa wa awakin maƙwabta ta kan katanga.

Kwana biyu Inna ba ta yi magana ba sai ta dole. Ta ce in ba ta hatsi, na ce akwai wanda na daka, ta ce in ba ta dai. Ta tsaya kan turmi da tsufanta, in na zo karɓar taɓarya ta ture ni. Ita ta koma dama kunun, ta wanke ƙwarya sau uku, kuma duk abin da za ta zuba sai ta kawo mini shi kusa da ido ta ce, "Wannan hwa, da alkama ciki?" Har gishiri sai da ta tambaya. Ta koyi ɗora tsumman ɗumi, ta koyi ba da cokali ɗaya a jira. In yarinyar ta yi barci sai ta zauna a gefenta tana kallon cikin yana hawa yana sauka. Na tsorata ƙwarai, don ban ga hawaye ba, kuma ita kanta ba ta cin komai.

Rana ta huɗu da hantsi yarinyar ta tashi da kanta ta ce yunwa take ji, tuwo take so da miyar kuka. Ta fito bakin ƙofa ta zauna, har tana tsokanar Kakarta wai in an gyara mata ido za ta ga ashe jikarta ta fi ta kyau. Ina madafa ina tuƙa tuwon na ji Inna ta ce:

"Yau kwana nawa?"

"Huɗu, Inna."

"Kwana huɗu." Ta ƙirga da yatsu. "Kasuwa kuwa kwana bakwai ce. Ashe kullum tana gab da tashi nike isowa. Ga itacen Allah can, shekara talatin ina tohwa mai yawu."

Sai ta kira sunan. Ban taɓa jin sa daga bakinta ba, ko sau ɗaya. Ta faɗe shi a hankali, yadda mutanen ƙauyenmu ke faɗinsa, ba yadda ni nake ƙwala shi ba. Yarinyar ta juyo da mamaki ta ce, "Na'am, Kaka," ta matso. Inna ta lalubi fuskarta, ta sauke hannu kan cikinta, ta danna ta ji ya yi laushi.

"Ki yahe mini."

"Haba Kaka, ai ba ki sani ba. Na yafe."

Nan Inna ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da aka fita da Yaya, da ƙarfi, baki buɗe, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya lafiya. Yarinyar ta rungume ta tana bubbuga mata baya, tana kallona ko zan yi mata bayani. Ranar Inna ta ci tuwo, kwano ɗaya da jikarta. Bayan an yi mata aikin ido ta koma ƙauye, kuma an ce mini yanzu ta gindin tsamiya take bi in za ta kasuwa, har takan zauna ta huta a inuwar.

Ni ina tsaye bakin madafa da muciya a hannu aka yi duk wannan, ban matsa ba. Ni ma ina da abin roƙo, amma amsar da 'yata ta ba Inna ba ta kai kaina ba. Na san shekarata takwas, na gaya wa kaina haka ba sau ɗaya ba. Akwai dai maganar da ban faɗa wa Inna ba har yau, kuma ba zan faɗa ba. Inna ba ta sani ba, gaskiya ne, babu wanda ya taɓa gaya mata. Ni Yaya ta gaya wa da bakinta cewa cikinta ba ya so, kuma ni ce na riƙe ludayin.